Ƙidayar Riƙo a Jeri Mai Miƙewa: Yadda Shirin Kwamfuta Ke Sarrafa Ma'adana da Yadda Za a Bayyana Shi da Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin batutuwan da ke ba malamin ilimin kwamfuta wahala idan ya zo yin bayani da Hausa, akwai batun yadda shirin kwamfuta ke karɓar wuri a ma'adana domin ajiye bayanai, da kuma yadda yake mayar da wurin bayan ya gama da shi. Sau da yawa kalmar da ta fi saurin zuwa bakin malami ita ce take dasa wa ɗalibi gurguwar fahimta, wadda ba za ta bayyana ba sai ranar da ya rubuta shirin da ya canza makin wani ɗalibi ba tare da an umarce shi ba, ko shirin da ya cinye ma'adanar na'ura har ta tsaya cik.

Wannan muƙala ta ɗauki misali guda ta bi shi daki-daki, wato jeri mai miƙewa wanda ake sarrafa wurinsa ta hanyar ƙidayar riƙo. An dogara ne a kan harshen Delphi da ɗan'uwansa Free Pascal, waɗanda suka tsiro daga harshen Pascal da Niklaus Wirth ya fitar a 1970, saboda a cikinsu dabarar tana bayyane, ana iya bin sawunta da alli a kan allo. Daga nan za a kwatanta su da Python da Swift da PHP.

Akwai abin da ya kamata a warware tun daga farko. Kalmar manhaja a wurin malamai tana nufin tsarin darussan da za a koyar, amma a bakin jama'a da kafafen yaɗa labarai ta ɗauki ma'ana ta biyu, wato abin da ake saukewa a waya ko kwamfuta. Tun da masu karanta wannan rahoto da ma'anar farko suke aiki kullum, an bar mata kalmar, an yi amfani da shiri ga jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta.

2.0 Ma'adana, Adireshi da Jeri

Ma'adanar da shiri ke aiki a cikinta dogon layi ne na ƙananan gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar bayit ɗaya, kuma kowane yana da lambarsa wadda ake kira adireshi. Lamba cikakkiya irin wadda Delphi ke kira Integer tana cin bayit 4. Jeri kuwa shi ne a ajiye abubuwa iri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, ba tazara a tsakaninsu. Idan jerin maki ya fara daga adireshi na 1000, to maki na farko yana 1000, na biyu yana 1004, na uku yana 1008. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake fara lambar gurbi daga sifiri a jeri mai miƙewa: lambar tana nuna nisan gurbin ne daga bakin jeri, saboda haka na farko nisansa 0. Malamin da ya kira lambar nisa ya huta da gardamar ɗaliban da ke tambaya yadda na farko zai zama sifiri.

Jeri iri biyu ne. Akwai ƙayyadadde, wanda ake faɗin tsawonsa tun lokacin rubuta shiri, kamar yadda waɗanda suka koyi BASIC suka saba da umarnin DIM. Irin wannan ba shi da rikici, sai dai yana da takura: wanda ya tanadi gurabe 50 domin ajin da ya zamo mai ɗalibai 83 ya shiga uku, wanda kuma ya tanadi 500 ya yi asarar wuri. Sai kuma mai miƙewa, wanda ake faɗin tsawonsa bayan shiri ya fara aiki, kuma ana iya ƙara shi ko a rage shi.

Tun da ba a san girman jeri mai miƙewa ba sai aiki ya kankama, ba a iya ware masa wuri tun da wuri. Ana yanko masa ne daga wani babban sashe na ma'adana da a nan za a kira filin rabo. Sunan da mai shiri ya ba jerin ba ya ɗauke da makin, adireshin inda suke kawai yake ɗauke da shi. Wannan adireshi da aka adana shi ake kira manuni. Daga nan ne tambayar da muƙalar ta ginu a kanta take tasowa: wurin da aka yanko daga filin rabo, wa zai mayar da shi, kuma yaushe?

A harshen C, wanda ya bayyana a farkon shekarun 1970, mai shiri ne da kansa yake roƙon wuri yake kuma mayarwa. Idan ya manta bai mayar ba, wurin ya salwanta har shirin ya rufe, abin da za a kira yoyon ma'adana. Idan kuma ya yi gaggawar mayarwa alhali wani sashe na shirin yana da adireshin, sai a sami manunin kango, wato manunin da ke nuna gidan da masu shi suka tashi, wataƙila ma an riga an ba wani. Na biyun ya fi haɗari nesa ba kusa ba. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da yake toshewa a kayansa kowace shekara daga kuskuren sarrafa ma'adana suke. A 2020 masu kula da Chromium, wanda Google Chrome ya ginu a kansa, suka ba da adadi makamancin wannan, suka ƙara da cewa rabin waɗannan kurakurai daga amfani da wurin da aka riga aka mayar ne.

3.0 Ƙidayar Riƙo

A shekarar 1960 aka buga hanyoyi biyu na ɗauke wa mai shiri wannan nauyi. John McCarthy, a aikinsa kan harshen Lisp, ya bayyana hanyar barin shara ta taru, sannan lokaci-lokaci a tsayar da aiki a bi dukkan manunai, duk wurin da ba a iya kaiwa gare shi a kwashe shi. A kan zuriyar wannan hanya Java da C# suke tafiya. George Collins kuwa ya kawo hanyar da ta shafe mu: a liƙa wa kowane wuri da aka yanko wata 'yar lamba mai nuna yawan manunan da ke riƙe da shi. Sabon manuni ya kama, a ƙara ɗaya. Wani ya saki, a rage ɗaya. Da zarar lambar ta kai sifiri, nan take a mayar da wurin.

An zaɓi kalmar riƙo a nan da gangan. Fassarar da ta fi kusa da lafazin Ingilishi ita ce ƙidayar manunai, amma nuni ba ya hana abu gushewa. Mutum na iya nuna tsuntsu ya tashi ya bar shi da yatsa a miƙe. Riƙo kuwa a Hausa yana tafe da ma'anar ɗaukar nauyi da tsarewa, kamar yadda ake ji a riƙon amana da ɗan riƙo. Abin da ake ƙidayawa shi ne yawan waɗanda wurin ba zai tafi ba muddin suna nan, kuma amfanin wannan bambanci zai fito sosai a sashe na 5.0.

3.1 Yadda abin yake a Delphi

Kamfanin Borland ya fitar da Delphi a 1995, ya kuma shigar da jeri mai miƙewa a fitowa ta 4 a 1998. A tsarin mai bit 32, duk jerin da aka yanko yana da 'yar goshi ta bayit 8 kafin gurbi na farko: bayit 4 na ƙidayar riƙo, bayit 4 na tsawon jeri. Ke nan jerin maki 3 zai ci bayit 20, wato 12 na maki da 8 na goshi. Manunin yana nuna gurbi na farko ne kai tsaye, goshin yana bayansa a ɓoye. Jerin da ba kome a cikinsa ba a yanka masa wuri ko kaɗan, manuninsa ne kawai ake barinsa wayam, abin da harshen ke kira nil. A duba wannan ɗan shiri:

    var A, B: array of Integer;

    SetLength(A, 3);
    A[0] := 40;
    B := A;
    B[0] := 75;

Layin SetLength ya yanko wuri mai gurabe 3, ƙidaya ta zama 1. Layi na gaba ya sa 40 a gurbin farko. Da aka zo B := A, ba a kwafi maki ko ɗaya ba; adireshi kawai aka ba B, ƙidaya ta koma 2. Saboda haka da aka sa 75 ta hannun B, idan aka leƙa ta hannun A ma 75 za a gani, domin wuri ɗaya ne mai ƙofa biyu. Da a ce jerin ƙayyadadde ne, wannan layi da bai canza ko harafi ɗaya ba zai kwafi dukkan makin, A ya zauna da 40 ɗinsa. Rubutu ɗaya, aiki biyu, kuma babu abin da zai faɗakar da ɗalibi sai ya koma ya duba yadda aka gabatar da sunayen tun daga sama.

Yanzu a ƙara layi biyu:

    SetLength(B, 4);
    B[0] := 90;

A nan abin ya juya. Kafin SetLength ya taɓa tsawon jeri, sai ya duba ƙidaya. Idan 1 ce, mai riƙo ɗaya ne, sai ya miƙa jerin ko ya ƙaurar da shi yadda ya ga dama. Idan ta wuce 1, sai ya yanko sabon wuri, ya kwafe makin zuwa can, ya ba B sabon adireshi da ƙidaya 1, ya rage ƙidayar tsohon wuri ta koma 1. Daga wannan lokaci A da B sun raba gari: B yana da 90, A yana nan da 75. Wannan rabuwa tana faruwa ko da tsawon da aka nema daidai yake da na da.

Dalilin wannan hali yana cikin ginin da aka bayyana a sama. Tun da kowane suna yana nuna gurbin farko kai tsaye, idan aka ƙaurar da jerin saboda B, babu hanyar da za a bi a sanar da A sabon adireshi, domin ƙidaya ta san yawan masu riƙo amma ba ta san ko su wane ne ba. Da an ƙaurar, da A ya zama manunin kango. Raba su shi ne mafita. Wanda yake son rabuwa tun daga farko sai ya rubuta B := Copy(A), ya sami nasa jerin da ƙidaya 1.

Ragewar ƙidaya kuwa mai shiri ba ya ganin ta. Mafassarin harshen ne yake cusa umarnin a ɓoye a ƙarshen kowane ƙaramin shiri, yadda da zarar sunayen da aka gabatar a cikinsa sun gama aiki za a sauke riƙonsu, ko da kuskure ne ya katse aikin a tsakiya. Haka kuma ana iya sakin riƙo da gangan ta rubuta A := nil. Abin lura shi ne wannan layi ba ya nufin a rushe jeri. Yana nufin A ya saki, kuma jerin ba zai tafi ba sai in A ne na ƙarshe.

Tsarin yana da kafar da ake zurmawa. Duk wanda ya kewaye mafassari, misali ya kwafi manunin da umarnin Move mai kwasar bayit ba tare da sanin abin da ke ciki ba, ko ya shafe shi da FillChar, to ya ƙara mai riƙo ko ya rage ba tare da ƙidaya ta sani ba. Haka nan wanda ya adana adireshin gurbin farko a wani manuni na daban, sannan ya kira SetLength, yana iya wayar gari da manunin kango a hannunsa, domin irin wannan manuni ba ya cikin lissafi.

3.2 Dabara ɗaya, halaye daban-daban

Abin da ya fi rikita masu koyo, har da waɗanda suka daɗe a fagen, shi ne cewa a cikin Delphi ɗin kansa jerin haruffa ba ya bin wannan ƙa'ida. Tun fitowa ta 2 a 1996, dogon rubutu yana da ƙidayar riƙo, amma da zarar an zo canza harafi ɗaya ta hannun wani suna alhali ƙidaya ta wuce 1, sai a kwafa masa nasa kafin a canza. Wannan shi ne kwafi lokacin gyara. Ga mai kallo daga waje, kamar an kwafa tun farko ne, alhali an jinkirta wahalar ce har sai ta zama dole, kuma in ba a taɓa gyara ba, ba za a taɓa kwafa ba.

Harshen Swift, wanda Apple ya fitar a 2014, ya ɗora jerinsa a kan wannan hanya ta kwafi lokacin gyara, haka ma PHP. Da za a rubuta misalin da ya gabata a ɗayansu, A zai zauna da 40.

Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya bi hanya ta uku. A babban tafintansa da ake kira CPython kowane abu yana da ƙidayar riƙo, kuma b = a tarayya ce kamar a Delphi. Sai dai a nan ko an ƙara wa jeri tsawo ba a rabuwa. Dalili kuwa shi ne sunayen ba sa nuna gurabe kai tsaye. Suna nuna wani ɗan kai ne da ba ya motsi, shi kuma kan yana riƙe da adireshin gurabe. Idan gurabe suka ƙaura, wuri ɗaya ake gyarawa, kowa ya gani. Wannan tarayya ce take haifar da kuskuren da malamai za su yi ta gamuwa da shi a aikin ɗalibai. Ɗalibin da ke son teburin maki mai layi 2 ya rubuta [[0]*3]*2, yana zaton ya sami layi biyu, alhali layi ɗaya ya samu mai riƙo biyu. Ya sa maki a layin sama, sai ya gan shi a na ƙasa.

Ke nan ƙidayar riƙo tana amsa tambayar yaushe za a mayar da wuri ne kurum. Tambayar ko gyaran da aka yi ta wannan suna zai bayyana a wancan, kowane harshe da amsar da masu gina shi suka zaɓa. A ganina littafin da ya haɗa tambayoyin biyu a darasi ɗaya ya ɗora wa ɗalibi kayan da ya fi ƙarfinsa.

4.0 Kuɗin Miƙewa

Miƙa jeri ba kyauta ba ne. Idan wurin da ke gaba da jerin wani ya riga ya kama shi, dole a yanko sabon wuri a kwashe kome zuwa can. A ɗauka ana karanta maki 1000 ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane karo ana ƙara gurbi ɗaya tak. A mafi munin hali, karo na biyu a kwafi 1, na uku a kwafi 2, haka har zuwa 999, jimilla 499,500. Idan kuwa duk lokacin da wuri ya cika aka ninka shi, daga 1 zuwa 2 zuwa 4 har 1024, jimillar kwafin 1023 ce kacal. Wannan lissafi ɗan babbar sakandare zai iya yin sa da hannu, kuma yana haɗa darasin kwamfuta da na jerin lambobi a lissafi ba tare da an tilasta ba.

Saboda haka harsuna da yawa suke bambanta tsawo da ɗauka, wato gurabe nawa ke da kaya da kuma gurabe nawa aka tanada. Jerin C++ a mafassarin GCC ninkawa yake yi, a na Microsoft kuwa yana ƙara rabin abin da yake da shi. Python ya fi tsimi, kimanin kashi ɗaya cikin takwas yake ƙarawa da 'yan gurabe a kai. Goshin jerin Delphi tsawo kawai yake adanawa, don haka mai shiri ne ya kamata ya nemi wuri da yawa a karo ɗaya, ya riƙa lissafin waɗanda ya cika, a ƙarshe ya datse ragowar. Mai rabon ma'adana na Delphi yakan rage wannan asara da nasa tanadin, amma ba dabi'ar da za a koya wa ɗalibi ya dogara da ita ba ce.

5.0 Riƙon Juna da Sauran Rauni

Babban raunin ƙidayar riƙo an gano shi tun 1963, lokacin da Harold McBeth ya nuna cewa ba ta iya kwashe abubuwan da suka riƙe juna. A ce jeri na ɗaya yana da manunin jeri na biyu a cikinsa, na biyu kuma yana da na na ɗaya. Kowane ƙidayarsa 2: sunansa na waje, da ɗan'uwansa. Idan sunayen waje suka saki, kowane ya koma 1, kuma a nan za su tsaya har abada, ba mai iya kaiwa gare su, ba kuma mai iya mayar da wurinsu. A Python layi uku sun isa a nuna wannan: a = [], sai a.append(a), sai del a. Jerin ya riƙe kansa da kansa.

Wannan ba matsalar cikin littafi kaɗai ba ce. Internet Explorer 6, wanda ya fito a 2001, ya yi ƙaurin suna wajen yoyon ma'adana saboda sassan shafi ana sarrafa su da ƙidayar riƙo, kuma sukan shiga riƙon juna da abubuwan da ke cikin shirin shafin, har na'ura ta yi nauyi bayan an daɗe ana aiki. Sai a fitowa ta 8 a 2009 aka magance yawancin abin.

Magani iri biyu ne. Na farko a haɗa ƙidaya da mai shara na musamman wanda aikinsa farautar riƙon juna. Python ya yi haka tun fitowa ta 2.0 a shekarar 2000, PHP kuma a fitowa ta 5.3 a 2009. Na biyu a bar wa mai shiri ya karya zagayen da kansa, ta amfani da manunin da ke nuna wuri amma ba ya shiga ƙidaya, kuma yake komawa wayam da zarar wurin ya tafi. Swift da Perl a kan wannan suka dogara, kuma C++ ya tanade shi a ƙa'idarsa ta 2011. Ingilishi yana kiran irin wannan manuni da kalmar da ke nufin rarrauna, amma fassara ta haka ba ta gaya wa ɗalibi kome. Da yake an riga an kafa kalmar riƙo, sai kawai a ce manuni mai riƙo da manuni marar riƙo, sunan ya ɗauki bayanin da kansa.

Rauni na biyu yana fitowa ne idan sassa biyu na shiri suna aiki a lokaci guda a kan jeri ɗaya. A ce ƙidaya 2 ce, kowane sashe ya zo saki, dukansu suka karanta 2 kafin ɗaya ya rubuta, sai kowane ya rubuta 1. An saki sau biyu, an rage sau ɗaya, wurin ya salwanta. In kuwa a wajen ƙari aka yi wannan karo, za a mayar da wuri alhali da mai riƙo. Delphi yana kauce wa haka da wani umarnin na'ura da ba a katse shi, wanda ya fi na yau da kullum tsada. CPython ya daɗe yana amfani da kulle guda da ke hana sassa biyu gudu tare, sai a 2024, a fitowa ta 3.13, aka fitar da nau'in gwaji marar wannan kulle.

Duk da haka dabarar ba ta mutu ba, domin tana da abin da hanyar McCarthy ba ta da shi: an san daidai lokacin da wuri zai koma, kuma ba a buƙatar tara shara kafin a kwashe. Wannan yana da daraja a na'urar da ma'adanarta ba ta da yawa, irin wayar hannu.

6.0 Abin da Ya Shafi Aji da Manhaja

Kuskure mafi yawa yana farawa ne daga kwatancen da ake yi a darasin farko, inda ake cewa suna kamar akwati ne da ake zuba ƙima a ciki. Kwatancen yana aiki ga lamba guda, amma ranar da aka iso jeri mai miƙewa sai ya juya ya zama cikas, domin ɗalibi zai ɗauka B := A zuba kayan wannan akwati ne a wancan. Ba a ce a yar da kwatancen ba, amma ya kamata littafin malami ya faɗa masa a fili inda iyakarsa take, kuma a gabatar da adireshi da manuni kafin a kai ga jeri mai miƙewa, ko da a darasi ɗaya ne.

Yadda ake karanta layin da baki ma yana da tasiri. Malamin da ya ce “B daidai yake da A” ya mai da umarni ya zama labari. Wanda ya ce “a zuba A cikin B” ya koyar da kwafi. Karatun da ya dace da abin da ke faruwa a Delphi da Python shi ne “B ya kama abin da A ke riƙe da shi”. Ya fi tsawo, amma bayan mako ɗaya ɗalibai da kansu za su gajarta shi zuwa “B ya kama na A”, kuma ma'anar ba ta ɓace ba.

Sai kuma kalmar ɗaya, wadda a Hausa take ɗaukar ma'ana biyu da shirin kwamfuta ke rarrabewa. Idan aka ce 'yan mata biyu gyalensu ɗaya, yana iya zama anko suka yi, kowace da nata, yana kuma iya zama gyale guda ne suke karɓa-karɓa. In na farko ne, wadda ta yaga nata ita ta sani. In na biyu ne, yagewar ta shafi kowa. Python yana da alama ga kowace tambaya: == tana tambayar ko iri ɗaya ne, is kuma tana tambayar ko abu guda ne. A Delphi kuwa, idan aka gwada jeri mai miƙewa biyu da alamar =, adireshi ake gwadawa, saboda haka jeri biyu masu maki iri ɗaya sak za su ba da amsar a'a. Shawarar da ake bayarwa ita ce littattafai su tsaya a kan iri ɗaya ga ma'anar farko, abu guda ga ta biyu, kuma a guji ɗaya ne tsurarta a duk inda ake maganar jeri.

Darasin ba ya buƙatar kwamfuta kafin a fara shi, abin da ke da muhimmanci ga makarantun da na'urorinsu ba su wadata ba ko wuta ba ta zama. Malami ya zana gurabe uku a allo, ya zana ƙaramin gurbi a gefen hagu domin ƙidaya. Ɗalibi biyu su zama A da B, kowane a ba shi 'yar takarda da zai rubuta adireshin da yake riƙe da shi, na uku kuma ya zama mai ƙidaya, ba ya barin kowa ya karɓi adireshi ko ya goge nasa sai ya gyara lambar. Sai a bi shirin sashe na 3.1 layi bayan layi, a tsaya kafin kowane layi a tambayi aji abin da A zai gani. Idan lambar ta kai sifiri, mai ƙidaya ya goge zanen. Domin nuna riƙon juna, a zana jeri biyu, a rubuta adireshin kowane a cikin ɗayan, a sallami A da B su koma kujerunsu, sannan a tambayi mai ƙidaya ko yana da ikon gogewa.

Game da matakin da ya dace, tarayya da kwafi suna iya shiga babbar sakandare a duk inda ake koyar da Python, domin ɗalibi zai ci karo da su ko an koya masa ko ba a koya ba. Ginin goshi, da kuɗin miƙewa, da riƙon juna sun fi dacewa da kwalejojin ilimi da na fasaha da shekarar farko ta jami'a, musamman ga waɗanda ake horarwa su zama malamai. Wajen jarrabawa kuma, tambayar da ta ce a kawo ma'anar ƙidayar riƙo haddar jimla ɗaya kawai take aunawa. Wadda ta fi ta ita ce a ba ɗalibi layi shida irin na sashe na 3.1, a bar masa gurbi a gefen kowane layi ya rubuta ƙidayar kowane wuri da abin da ke cikin A[0] da B[0], sannan a sake ba shi layukan a harshen Python ya nuna layin da amsar ta fara bambanta.